Fitilar da aka rufe wa baki: yadda motar da ta faɗi gwajin hayaƙi a Turai ta zama tamu

Masu karatu, duk wanda ya saba shiga taksi a Yamai, ko motocin hayar da ke jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, idan ya ɗan leƙa gaban direba zai ga wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa tana ci a tablo, an zana ta da siffar inji. Idan ka tambayi direba, amsar ba ta wuce ɗaya: «Ai haka ta zo.» Wani ya manna mata takarda, wani ya jingina katin waya a kanta don kada ta dame shi da dare. Wannan fitila da muka mayar kamar ado, a ƙasashen da ake ƙera motocin nan ita kaɗai ta isa a hana mota takardar yawo bisa hanya. Mu ma ba mu ɗauke ta da muhimmanci ba sai da abin ya faɗo a kanmu, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku abin da muka gani da abin da muka koya, ko wani ya tsira da kuɗinsa da lafiyarsa.

Jar takarda cikin akwatin gaba

Mun sayi wata ƙaramar mota mai shan fetur, ƙirar shekarar 2006, mai silinda 4, a ɗaya daga cikin wuraren da ake baje motocin hannu a Yamai, domin zirga-zirgar aiki tsakanin babban birni da Maraɗi. Fenti yana ƙyalli, kujeru tsaf, inji ya tashi da bugu ɗaya, kuma babu wata fitila da ke ci a tablo. Mai sayarwa ma da wannan ya yi mana talla, ya ce mu duba da idonmu, ko ɗigon ja babu.

Tafiyar farko, mai kilomita sama da 600, ita ta fara tona asiri. Man da muka yi lissafin zai kai mu gida ya ƙare tun kafin mu kai Madawa. Idan aka tsaya, motar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, kuma duk wanda ya tsaya bayanta sai warin ɗanyen mai ya sa shi hawaye. Muna cikin neman takardun motar a akwatin gaba sai muka ci karo da wata jar takarda a ninke, da rubutun Faransanci, daga wata cibiyar binciken motoci ta ƙasar Beljiyam.

A Beljiyam motar da ta ci gwaji koriyar takarda ake ba ta. Wadda ta faɗi kuwa ja ake ba ta, kuma idan laifin ba mai hana tafiya nan take ba ne, ana ba mai ita kwana 15 ya gyara ya dawo. Takardar tamu ta lissafa laifi 2. Na farko, gubar da ake kira CO ta kai kashi 1,8 cikin 100 a hayaƙin motar, alhali iyakar da dokar Turai ta yanke wa mota irin wannan ita ce kashi 0,3 idan inji yana silo, da kashi 0,2 idan an ɗan taka totur. Na biyu, fitilar inji tana kunne. Ke nan mai motar na farko ya yi lissafin kuɗin gyara, ya ga gara ya rabu da ita. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne fitilar da takarda ta ce tana ci, mu ba mu taɓa ganinta ba.

Hanyar da irin waɗannan motoci ke biyowa

Labarin motarmu ba baƙo ba ne. A birnin Burusel akwai unguwar Heyvaert, wadda duk ɗan kasuwar mota na Afirka ta Yamma ya san ta, inda ake tara tsofaffin motoci daga sassan Turai a kai su tashar jirgin ruwa ta Anvers. Shekaru da dama tashar Kwatano ce babbar ƙofarsu zuwa Nijar, ta Malanbil da Gaya. Tun da aka rufe iyaka da Benin a shekarar 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso.

A watan Oktoban 2020 hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kusan kashi 80 cikin 100 sun nufi ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, Afirka ce kan gaba wajen karɓa. A wannan shekarar ma hukumomin ƙasar Holan sun binciki motocin da ake lodawa daga tashoshinsu zuwa Afirka, suka tarar akasarinsu sun shekara 16 zuwa 20, da yawa ba su da takardar binciken lafiya mai aiki, wasu kuma an riga an yanke musu matatar hayaƙi.

Dalilin bai da wuyar ganewa. A Faransa, dole ne a kai mota bincike kafin ta cika shekara 4, daga nan kuma duk bayan shekara 2, kuma wadda ta faɗi tana da wata 2 ta gyara ta dawo. Birnin Anvers tun 2017, da Burusel tun 2018, sun hana tsofaffin motoci masu yawan hayaƙi shiga cikin gari. Motar da aka kora daga can ba ƙone ta ake yi ba, jirgin ruwa take hawa.

Mene ne aikin wannan fitila?

Motocin zamani suna da ƙaramar kwamfuta da ke lura da numfashin inji. Domin fetur ya ƙone sarai, inji yana bukatar awo 14,7 na iska a kan kowane awo 1 na mai. Idan mai ya yi yawa, ba ya ƙonewa duka, sai hayaƙi ya fito da guba. Idan iska ta yi yawa, inji yana zafi fiye da ƙima, ƙarfinsa ya ragu. Kwamfutar tana samun labari daga wasu ƴan na'urori masu ji: ɗaya tana auna iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwan inji, ɗaya kuma, wadda kanikawa ke kira sondi lamda, an ɗaura ta a jikin salansa tana shinshinar hayaƙin da ke fita. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da wannan sondi, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976.

A gaba da sondi akwai matatar hayaƙi, wato katalizer, wadda kanikawan Najeriya suka laƙaba wa suna «indomi» saboda cikinta mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsadar gaske, filatinom da faladiyom da rodiyom, waɗanda idan sun yi zafi suke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na gubar hayaƙi zuwa iskar da ba ta da wannan lahani. Amurka ta fara amfani da ita a 1975, Turai kuma ta wajabta ta ga sababbin motocin fetur daga farkon 1993.

Idan kwamfuta ta ga wani abu ya kauce a wannan tsari, sai ta yi abu 2: ta kunna fitila, ta kuma ajiye lambar ciwon a ƙwaƙwalwarta. Tun daga ƙirar 1996 Amurka ta tilasta wa kowace ƙaramar mota ta zo da wannan tsari da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, da 2004 ga na gazuwal. Saboda haka kusan duk motar da ke shigo mana yau tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike a karanta lambobin. Harsunan kamfanoni sun bambanta, amma manyan lambobin iri ɗaya ne ko motar Japan ce ko ta Faransa.

Akwai abu guda da ya kamata kowane direba ya haddace. Idan fitilar tana ci a tsaye, ciwo ne da za a iya lallaɓawa a kai gareji cikin ƴan kwanaki. Idan kuwa tana ƙyaftawa, wannan alama ce cewa wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana malala cikin katalizer, kuma zafinsa zai iya narkar da ita cikin ɗan lokaci. A nan sai a sassauta, a nemi wuri a tsaya.

A gareji: aka fara da makulli

Wani abokin aiki ya haɗa mu da wani maigareji a Maraɗi, dattijo mai haƙuri, wanda ɗansa ya koyo aikin lantarkin mota. Kafin ya taɓa sifana sai ya ce mu murɗa makulli ba tare da mun tada inji ba. Fitilu suka kama, ta batir, ta man inji, ta birki, amma wajen fitilar inji duhu.

«Malam, ka gani? Lafiyayyar mota sai wannan fitila ta kama tare da ƴan uwanta, sannan ta mutu idan inji ya tashi. Wadda ba ta kamawa ko kaɗan, kashe ta aka yi.»

Da aka kwance tablo sai ga baƙin salatif an manna daga ciki, daidai kan fitilar. Aka ɓanɓare, aka tada inji, sai ga ta tana ci tar kamar ba a taɓa rufe ta ba. Wannan gwaji ba ya cin ko dala, ba ya ɗaukar minti 1, kuma da mun san shi a ranar ciniki da ba mu biya kuɗin da muka biya ba. Araha dai ba ta ado.

Sai yaron ya jona na'urarsa, muka biya jika 5 kuɗin karatu. Lambobi 3 suka fito. P0302 tana nufin silinda ta 2 tana fashin wuta. P0135 tana nufin zaren da ke ɗumama sondi ta farko ba ya aiki. P0128 kuma tana nufin ruwan inji ba ya kai zafin da ya kamata.

A nan maigareji ya ja mana kunne a kan kuskuren da mutane da yawa ke yi. Lamba ba ta cewa a sayi kaza, tana nuna unguwar da ciwo yake ne kawai, gano gidan kuwa aikin bakanike ne. Wanda na'ura ta ambaci sondi ya ruga kasuwa ya sayo sabuwa, mai yiwuwa waya ce kawai ɓera ya ci, ko fis ya ƙone. Ƙa'idarsa ita ce a fara da abin da ya fi araha da sauƙin dubawa, kuma kada a cire wani abu sai an tabbatar da laifinsa.

Silindar da ke fashi

Aka fara da silinda ta 2. Abu 3 ne ke hana silinda ƙona mai: rashin wuta, rashin mai, ko rashin matsi. Aka zaro buji, wanda maƙwabtanmu ke kira fulogi, dukkan 4 sun yi baƙi, na 2 kuma a jiƙe da fetur. Maimakon a sayo komai, sai yaron ya ɗauke bobin ɗin silinda ta 2 ya mayar kan ta 3, ya kawo na 3 kan ta 2, ya goge lamba, muka zaga gari. Da muka dawo lambar ta koma P0303. Ciwo ya bi bobin zuwa sabon gidansa, shaida ta tabbata, babu sauran zargin anjekta ko piston. Aka sa bobin 1 da buji 4, karkarwa ta tsaya nan take.

Fashin wuta yana ɓata hayaƙi ta hanya 2. Man da bai ƙone ba yana fita ɗanye, iskar da ba ta ƙone ba kuma tana ruɗin sondi, ta kai wa kwamfuta rahoton cewa mai ya yi kaɗan, ita kuwa ta ƙara wa sauran silindoji mai fiye da bukatarsu. Ga inda kuɗin manmu yake tafiya.

Da aka buɗe akwatin matatar iska, sai da muka ja da baya saboda ƙura. A Turai ana iya shekara ba a taɓa wannan matata ba, amma a ƙasar da hunturu ke busa ƙura wata da watanni, kuma rabin hanyoyinmu jar ƙasa ce, matatar da ta toshe tana shaƙe inji kamar mai mura. Aka sa sabuwa. Maigareji ya gargaɗe mu da al'adar huda matata ko cire ta gaba ɗaya, domin yashin da zai shiga shi ne ke cinye zoben piston.

Sondi da tamosta

Sondi ba ta aiki sai ta yi zafi ƙwarai, shi ya sa aka sa mata zaren wuta a ciki domin ta ɗumama da wuri. Aka duba fis, lafiya lau. Aka bi waya, ba ta tsinke ba. Aka auna zaren da mita, sai aka tarar ya yanke daga ciki. A nan ne kawai aka yarda a sayi sondi. Muddin sondi ba ta ba da labari, kwamfuta tana aiki ne da ƙiyasi, kuma ƙiyasinta kullum yana karkata wajen yawan mai domin kare inji.

Lamba ta uku kuwa, laifin ba na Turawa ba ne, namu ne na gida. Da aka kwance bakin tiyon ruwa, babu tamosta sam. An cire ta bayan isowar motar, bisa al'adar nan da ta zama kamar doka a garejinmu, cewa wai tamosta ta ƙasar sanyi ce, a ƙasar zafi tana sa inji tafasa. Gaskiyar magana ita ce an ƙera inji ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, ko a Mosko ko a Agadas. Aikin tamosta shi ne ta tsare ruwa har inji ya kai wannan zafi, sannan ta buɗe. Idan babu ita, da safiyar hunturu ko a doguwar tafiya ruwa yana ta zagaye bai ɗumama ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu inji bai farka ba, ta ci gaba da zuba masa man safiya har yamma. Motar da ke tafasa, a nemi laifin a lagireto da ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko tamostar da ta maƙale wadda sauyi take bukata. Aka mayar da sabuwa.

Tsugune ba ta ƙare ba

Aka goge lambobi, fitila ta mutu, muka yi godiya muka tafi. Kwana 3 muna murna, shan mai ya ragu yadda ko ba a auna ba za a gani. A rana ta huɗu, muna dawowa daga Tasawa, sai ga fitila ta dawo. Muka koma gareji da fushinmu, maigareji kuwa ko a jikinsa, ya ce dama yana jiranmu.

Sabuwar lambar ita ce P0420, wato katalizer ba ta tace hayaƙi yadda ya kamata. Dalilin da ya sa ba ta fito tun farko ba shi ne kwamfuta ba ta gwada komai a lokaci guda. Ba za ta auna katalizer ba sai sondi tana da lafiya, inji ya kai cikakken zafinsa, kuma an yi tafiya mai ɗan tsawo da gudu daidai. Da can waɗannan sharuɗɗa ba su taɓa cika ba, saboda haka babban ciwo ya ɓuya bayan ƙanana.

Wannan ne kuma ya sa dabarar cire kan batir ba ta da amfani. Wasu suna cire batir na ƴan mintoci, fitila ta mutu, su ce an gyara. Abin da aka yi kawai shi ne an goge wa kwamfuta tunani, kuma da zarar ta sake gwaje-gwajenta fitila za ta dawo. A Amurka masu binciken hayaƙi sun daɗe da sanin wannan wayo. Na'urarsu tana nuna gwaje-gwaje nawa kwamfutar mota ta kammala tun bayan gogewa, kuma a ƙa'idar da akasarin jihohi ke bi, motar 2001 zuwa sama da ta zo da gwaji fiye da 1 bai kammala ba, ana mayar da ita ta je ta yi yawo ta dawo. Mai sayen mota a nan gida ma zai iya amfani da wannan: idan na'ura ta nuna babu lamba ko ɗaya amma gwaje-gwaje ba su kammala ba, to ba a daɗe da goge wani abu ba.

Aka ɗaga motar, maigareji ya ƙwanƙwasa tukunyar katalizer da sifana, sai ta yi ƙara kamar gwangwanin da babu komai. Da aka duba sama sai ga ɗinkin walda. An farke ta, an kwashe cikinta, an mayar an ɗinke, a wani wuri tsakanin Burusel da Yamai. Ƙarafan da ke ciki suna da kasuwa, shi ya sa ake satarsu har a Turai da Amurka. Wani lokacin kuma bakanike ne da kansa zai ce wa mai mota katalizer ce ke shaƙe inji, ya cire, ya riƙe abin da ya ciro.

Da a ce an fara da sayen katalizer tun ranar farko, da bobin mai fashi ya ƙone ta cikin ƴan makonni. Katalizer ba kasafai take mutuwa da kanta ba, kashe ta ake yi, ko da ɗanyen mai, ko da man inji, ko da ruwan da ke zuba cikin silinda. Saboda haka ita ce ta ƙarshe a layin gyara. Sai da muka yi wata guda kafin aka samo ta hannu mai lafiya daga wata motar da ta yi haɗari, kuma kuɗinta ya fi na dukkan sauran gyaran a haɗe. Tun ranar da aka sa ta fitila ba ta sake kamawa ba.

Sauran abubuwan da ke kunna ta

Ba kullum ciwon ke da tsada ba. A motocin da suka fito daga Amurka, murfin tanki da bai rufu sosai ba ya isa ya kunna fitila, da lamba irin P0455, domin kwamfuta tana lura da tururin fetur da ke tsira. Tiyon iska da ya tsage yana kawo P0171, wato iska ta fi mai yawa. Man da ya haɗu da ruwa ko ƙura yana toshe anjekta. Ba mu ce duk man ƴan ruwa-ruwa gurɓatacce ne ba, amma man da ya wuni cikin kwalba a rana, aka zuba shi ta mazurari ba tare da kyalle ba, injin zamani ba ya jure shi kamar yadda tsohuwar 404 mai kafireto ke jurewa.

Masu motocin gazuwal su ma suna da nasu. Bawul ɗin da ake kira EGR yana toshewa da kunkunniya, haka ma matatar toka da ke jikin motocin Turai na wajen 2009 zuwa sama, musamman idan motar ba ta fita doguwar tafiya, ko gazuwal ɗin yana da farar wuta da yawa. Turai ta ƙayyade farar wuta a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali a 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta gano gazuwal a wasu ƙasashen Afirka da ya ninka wannan iyaka sau ɗaruruwa.

Launin hayaƙi ma yana magana. Baƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi yana nufin man inji yana ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa yana shiga silinda.

Abin da ke cikin hayaƙin

Wani zai ce mene ne na kashe kuɗi tunda mota tana tafiya, kuma takardar bizit teknik tana hannu. Amsar tana cikin huhunmu. Gubar CO ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Ita ce ke kawo ciwon kai da jiri ga direban da ya wuni cikin cunkoso, kuma tana kisa idan aka bar inji yana aiki a rufaffen wuri. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4,2 a shekarar 2019. Waɗanda suka fi shaƙa a wajenmu ba masu motocin ba ne. Mai tuyar ƙosai ce a bakin titi, da ɗan sandan da ke tsaye a mahaɗa, da ɗan kabu-kabu, da yara ƴan lakwal waɗanda tsayinsu daidai yake da bakin salansa.

Kada kuma a ce maguɗi a wannan fage na ƙananan garejinmu ne kawai. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocin gazuwal kimanin miliyan 11 wata dabara da ke rage hayaƙi a lokacin gwaji kaɗai. Bambancin shi ne can an kama, an ci tara mai nauyi.

Kira ga magabata da masu mota

A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO sun amince a Wagadugu cewa daga 2021 motar da za a shigo da ita ta kai matakin Euro 4, man da ake shigowa da shi kuma kada farar wutarsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, saboda haka wannan nauyi yanzu yana wuyan magabatanmu kai tsaye. An taɓa yin irin wannan yunƙuri aka ci nasara: daga farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma, wanda ke lalata ƙwaƙwalwar yara yana kuma kashe katalizer. Muna kira da a duba katalizer da fitilar inji tun a wajen fiton duwan, kafin mota ta samu lamba, a kuma ƙarfafa koyar da lantarkin mota a cibiyoyin koyon sana'a, domin bakaniken da ke aiki da kunne kaɗai motocin yau sun fi ƙarfinsa.

Ga mai shirin sayen mota kuwa, shawararmu gajeruwa ce. Ka murɗa makulli ka ga fitilar ta kama kafin inji ya tashi. Ka je da mai na'ura, ka biya shi da kanka, kada ka dogara da na mai sayarwa. Ka sa a leƙa ƙarƙashin mota a nemi ɗinkin walda a jikin katalizer. Ka tambayi ko tamosta tana nan. Sannan ka buɗe akwatin gaba ka karanta duk takardar da ka tarar, ko ka nemi mai karanta maka. Mu dai jar takardarmu tana nan mun adana ta tare da guntun salatif ɗin da aka ɓanɓare. Allah ya tsare mu da abin hawanmu, ya kai kowa gidansa lafiya.